Allura Ta Kamo Kunnenta

Zuwa ga maigidana, Baban Allura,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta daɗe ba ta sa mijinta a ido ba. Yaya aiki, yaya zafin rana, yaya kuma bayan nan naka da ke riƙewa in ka daɗe a duƙe? Mu nan lafiya lau muke. Inna ta samu sauƙin gwiwa, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Tunda ka ce inda kuke shimfiɗa titin nan waya ba ta kamawa, na koma wa biro da takarda, direban da ke kai muku siminti zai riƙa miƙa maka.

Ka tambayi maganar makaranta. To, an sake dawo mana da 'yarka gida, kamar bara. Ba ka taɓa zuwa ranar ɗaukar yara ba, bari ka ji yadda ake yi. Hedimasta yakan fito da tebur barandar ofis, yara su yi layi. Yawancinsu ba su da takardar haihuwa, kamar tamu da aka haifa a ɗakin Inna. Wasu iyayen kuma sai su kawo yaron da bai daɗe da barin nono ba su rantse ya kai shida, don su huta da ƙiriniyarsa. Shi ya sa Hedimasta yake da nasa ma'aunin: yaro ya ɗora hannun dama ta tsakar kai ya kamo kunnen hagu. Wanda ya kamo ya wuce aji, wanda ya kasa sai baɗi.

Da aka zo kan Allura sai ta yi ɗage, kamar tsawon ƙafa zai ƙara wa hannu, ta ciji leɓe, ta miƙa iya miƙawa. Yatsanta ya tsaya saman kunnen, abin da ya rage bai fi faɗin maɓallin riga ba. Na ce masa wallahi yarinyar nan ta haura bakwai, shekarar da muka sayi keken ɗinki aka haife ta. Ya ce bai ƙaryata ni ba, amma in ya ɗaga mini ƙafa, matan da ke layin nan kowace da rantsuwarta a baki. 'Yar mai kanti, wadda na ɗinka wa kayan jarirai Allura tana riƙe mini zare, ta kamo nata kunnen har da ja.

Ba ta yi kuka ba, Baban Allura, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ka san yadda take zama a bakin shago tana bin karatun 'yan aji ɗaya da ke tsallako katanga. Yanzu ta daina. Ƙarƙashin teburin yanka take shigewa ta yi ta ware maɓallai, ko na tsokane ta sai ta maƙe kafaɗa.

Saura ƙofa ɗaya. Ana gina sabon aji a bayan makarantar, Hedimasta ya ce da zarar an rufa kwano za a ƙara ɗaukar yara, in kawo ta a sake gwadawa. In ta kasa a nan sai wata shekarar, ni kuma tsorona kada a kore ta karo na uku ta cire makaranta daga ranta gaba ɗaya.

Ka ce in gaya maka tsawonta. Ga jan zare nan cikin takardar, daga tsakar kanta zuwa diddige na yanka shi. Kada ka yi dariya, ka dai san gidan da gajartar nan ta fito. Inna ta ce daga danginmu ne, na yi shiru saboda girmanta, amma kai ba zan yi maka shiru ba.

Allah ya tsare mana kai, ya dawo da kai lafiya.

Matarka,
Maman Allura

*

Zuwa ga Baban Allura,

Assalamu alaikum. Da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da abokan aikinka. Takardarka ta iso, mun karanta har sau biyu saboda Inna ta ce ban yi mata a hankali ba. Ka ce ka ɗaura zaren a jikin gadonka. Madalla, ka kula kada ɓera ya rage mana shi, dama ba shi da yawa.

Yau kam akwai labari. Tun ranar da aka dawo da mu Inna ta ɗaura ɗamarar ƙara wa jikarta tsawon hannu. Kullum da safe sai ta sa ta kama saman ƙofa ta yi lilo. Daga nan ta shafa mata mai a hannu ta yi ta ja kamar mai miƙe igiyar shanya. Rannan na fito na iske tana jan kunnen yarinyar sama, wai tunda hannu ya ƙi zuwa, kunne ya taso su haɗu a hanya. Na yi magana, ta ce haka aka yi wa ƙaninka kuma ga shi nan ya gama makaranta.

Aka wayi gari kafaɗar Allura ta ƙi ɗaguwa. Na rufe shago na kai ta asibitin da ke ƙarshen layinmu. Da na ba malamar asibitin labarin lilo da jan kunne, sai da ta ajiye biro ta yi dariya har da share ƙwalla. Kafaɗar ta ce gajiya ce, za ta sake. Amma ba ta sallame mu ba. Ta ja fatar idon yarinyar ƙasa ta leƙa, ta duba tafin hannunta, ta danna cikinta, ta ɗora ta a sikeli. Daga nan dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

Ashe tsutsar ciki ce, ga ƙarancin jini. Ta ce abin da yarinyar ke ci raba shi take yi da baƙin da ke cikinta, shi ya sa girma ya tsaya. Na ce ai tana ci har ta ƙoshi. Ta ce cika ciki daban, gina jiki daban. Ta ba mu maganin tsutsa da na ƙarin jini, ta ce a haɗa mata da ƙwai da wake da gyaɗa da ganye, da kifi in an samu, kada ta taka ƙasa ba takalmi, ta wanke hannu da sabulu kafin ta ci komai. Duk wata kuma in kawo ta awo.

A hanyar dawowa na ji kunyar kaina. Ni da nake yini da tef a wuya ina auna mutanen unguwa, ban lura ba cewa rigar da na ɗinka mata tun kafin ka tafi har yau ban warware kalmasarta ba. Malamar ta ce kada in sa abin a rai, irinta suna da yawa a layinmu, kuma ba mu makara ba.

Rigimar sai a kan ƙwai. Ka san Inna da kazarta, wadda ko kallon banza ba a yi mata. Ta ce ita a gidan da ta tashi yaro ba ya cin ƙwai, in ya saba sata zai koya. Na ce Inna, a yi haƙuri, wannan karon maganar asibiti za mu bi. Ta cika tana batsewa, ta yini ba ta amsa mini sannu ba. Na riƙa sayo ƙwai a kanti ina dafawa. Kwanaki kaɗan sai na ji ta tana cigiyar ƙwan kazarta da ƙarfi, wai ya ragu, tana harara ta gefena. Shekaranjiya na zaga bayan kicin ɗebo gawayi, me zan gani? Inna a tsugune tana ɓare wa Allura dafaffen ƙwai, tana ce mata ta yi sauri kafin uwarta ta fito. Da muka haɗa ido ko gezau, ta ce ƙwan kanti ne ke koya sata, na kazarta tarbiyya gare shi. To ka ji, ɓarauniyar ƙwai ta bayyana a gidanka, kuma ba 'yarka ba ce.

Ka gaida direba, ka ce ya daina ninke takarduna a aljihun da yake sa goro.

Taka har kullum,
Maman Allura

*

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka lafiya, bayan ya saki, aiki kuma yana tafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, ɗinkin kayan 'yan makaranta ne ya taso mini, har ƙafata ta san ta taka keke.

Gidanka ya koma kasuwa. Yarinyar da nake roƙo ta yi magana, yanzu roƙonta nake ta yi shiru. Ta fito daga ƙarƙashin tebur, ta koma bakin shago tana bin karatu da ƙarfi har tana riga 'yan ajin. Kumatu sun fito, tafin hannunta ya yi ja. Kazar Inna ba ta da sauran sukuni. Haƙorinta na gaba ya fita, in ta yi dariya sai ka ga ƙofa a buɗe. Malamar asibiti duk zuwanmu sai ta ƙara matsar da ƙarfen sikelin gaba, ta ce wa Allura ta kusa fasa mata shi. Na warware kalmasar rigar nan, ina warwarewa ina hawaye, Inna tana tambayata ko allura ce ta soke ni.

Ga babban labarin. Ina tsakiyar yanka wa matar mai kanti yadi sai na ji ihu daga cikin gida. Na yar da almakashi, na ɗauka kunama ce. Sai ga Allura a guje, hannu ta saman kai, ta kama bakin kunnenta da yatsu biyu, ido waje, tana kiran in zo in gani kafin ya kuɓuce. Na duba da kyau ko ta karkatar da kai, wallahi kanta a miƙe yake. Ta kamo, Baban Allura. Ta kamo!

Daga nan ta ƙi saki. A haka ta bi layin nan kaf, ta nuna wa mai kanti, ta nuna wa mai faci, ta shiga asibiti ta nuna wa malamarta, marasa lafiya suna yi mata barka. Lokacin cin abinci ya yi ta ce in ta saki ba ta san ko zai sake kamuwa ba, sai Inna ce ta ba ta a baki. Inna kuma ta bi maƙwabta tana faɗa musu lilonta ne ya yi aiki. Na bar mata, ai ƙwan kazarta ya shiga ciki.

An rufa wa sabon ajin kwano, mako mai zuwa za a ɗauki yara. Na gama ɗinka mata kayan makaranta, na bar kalmasa mai faɗi don yanzu na san za a warware ta. Abu ɗaya ke damuna. In ta shiga cikin yara har yanzu ita ce ƙarama, ina tsoron Hedimasta ya hango ta daga nesa ya tuna ta, ya ce mu koma tun kafin ta ɗaga hannu. Amma na yi wata dabara irin tamu ta teloli. Ba zan faɗa maka ba sai ta yi aiki, ka san bakinka da na Inna ɗaya ne.

Ka sa mu a addu'a.

Matarka,
Maman Allura

*

Baban Allura,

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke, ina fata kai ma haka. Gaisuwar yau gajera ce don labarin ya fi ƙarfin cikina. Ka nemi wuri ka zauna, kuma in ka gama dariya ka tuna ni ce mai ɗinka maka riguna.

Dabarar da na ce maka ita ce wannan. Ka san soson da nake sawa a kafaɗar riguna don su tsaya. Na yanka shi na jera hawa-hawa, na cusa ƙyallaye a tsakani, na ɗinka wata 'yar hula, na kifa mata a ka, na ɗaura ɗankwalin makaranta a sama. Da ta tsaya gaban madubi sai ga ta ta ƙara tsawo, har ta kamo 'yar mai kanti. Inna ta ce yau ta yarda ɗanta ya auri mai basira. Da safen muna ta sauri, ban ce ta gwada kunnen ba. Ni da ba na yanka yadi sai na auna sau biyu.

Muka shiga layi ni da ita da Inna, don ta ce ko da rarrafe sai ta je. Hedimasta ya kalle ta ya ce a'a, baƙuwarmu ta dawo, kuma ta girma. Na ji daɗi har cikin raina. Ya ce bismilla. Ta ɗaga hannu ta saman kai, sai na ga hannun ya hau tudun da na gina, yatsun suna lilo can sama. Abin da ya rage a da faɗin maɓalli ne, yau ya kai rabin taƙi. A nan ne kaina ya waye: ta saman kai hannu ke bi. Garin neman gira na rasa ido.

Ta sake miƙawa, ta sake. Ta juyo ta kalle ni, irin kallon da ta yi mini ranar da aka fara korar mu, idon ya cika taf. Hedimasta ya sauke numfashi, ya fara cewa mu yi haƙuri. Ni kuwa in na yi magana na tona wa kaina asiri gaban matan da nake yi wa ɗinki, in na yi shiru na cuci 'yata. Na buɗe baki ke nan zan faɗi gaskiya, Allura ta riga ni.

Ta ce masa, “Malam, tsaya. Kan nan ba nawa ba ne, na Mama ne.”

Ta fisge ɗankwalin da hular gaba ɗaya. Ɗinkin sauri ne, sai ya ɓarke, soso da ƙyallaye suka watse a barandar, har wani ya sauka a kan teburinsa. Matar mai kanti ta tsinci ƙyallen zaninta a ciki ta ɗaga tana nuna wa jama'a. Allura ko kallonsu ba ta yi ba. Ta tsaya ƙyam, ta ɗora hannu a kan nata na gaskiya, ta damƙi kunnen nan, ta washe masa giɓi.

Ban taɓa sanin mutumin nan yana dariya ba. Ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa, layi kuma ya ɗauka. Ni dai da ƙasa za ta tsage da na shige, amma ina tsince soso ina dariya ina kuka, duk a haɗe. Da ya samu ya ɗago, ya ce shekarunsa a aikin nan ya ga masu ƙara wa yaro shekaru da baki, bai taɓa ganin wadda ta ƙara da keken ɗinki ba. Ya tambaye ta sunan da ake kiranta a gida, ta faɗa. Ya ce ai komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce, ta wuce aji. Inna ta rangaɗa guɗa, ta manta da gwiwa. A hanya kuma ta ce ita tun farko ba ta yarda da hular nan ba.

An ɗauke ta, maigida. An ɗauki 'yarmu. Na tsaya a taga na ga ta zauna a bencin gaba, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, hannunta kuwa har ya riga na kowa tashi sama.

Taka mai kunya da farin ciki,
Maman Allura

*

Zuwa ga maigidana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Yaya ƙarfin jiki? Mun ji daɗin jin cewa titin ya kusa kaiwa ƙarshe kuma kana hanya. Na kuma ji ka karanta wa abokan aikinka labarin hula. Ba komai, za ka dawo ka same ni.

A unguwa yanzu sunana Mai Soso, har yara ke kirana da shi, ina amsawa. Ciniki ma ya ƙaru, kowa na son ganin telar da ta ɗinka wa 'yarta kai.

Hedimasta ya aiko ya kira ni, na tafi ina zaton maganar hula ce. Ashe tambaya zai yi, me muka ba yarinyar nan ta canza haka cikin 'yan watanni. Na ba shi labarin tsutsa da jini da ƙwai, na tsallake lilo saboda mutuncin Inna. Ya ce Allah kaɗai ya san yara nawa ya mayar gida yana zaton shekaru ne ba su kai ba. Ya je da kansa ya ga malamar asibiti. Yanzu duk wanda ya kasa kamo kunne, wajenta ake fara tura shi, ita kuma ta zo makarantar ta ba ajin su Allura maganin tsutsa gaba ɗaya. 'Yarka ce ta tsaya kusa da ita tana gaya wa masu kuka ba ɗaci.

Kullum ita ke tashin mu. In ta dawo sai ta jera maɓallaina a ƙasa ta koya musu karatu, Inna ma an sa ta a aji, kuma an ce ba ta mai da hankali.

Ga zare na biyu nan, kore. Ita ta riƙe almakashin da kanta. Ka kwance jan da ke jikin gadonka ka jera su, ka ga abin da ya ƙaru. Ba shi da yawa, bai fi gaɓar yatsanka ba, amma ni na san abin da ya shiga cikinsa.

Ta ce in gaya maka doka: ranar da ka dawo za ta fito da tebur ƙofar gida, sai ka kamo kunnenka za ka shigo. Ka fara gwadawa tun yanzu, ni ba zan ɗinka wa kowa hula ba.

Rubutun da ke ƙasa ba nawa ba ne. Ta ɓata mini takarda biyu kafin ta yarda da wannan, kuma ta hana ni riƙe mata hannu.

Matarka mai jiran ka,
Maman Allura

BABA KA DAWO